Ina rubuta wa matasan coci labarin yaƙin ruhaniya, amma ya ƙi daɗi

Mai tambaya, daga Zuru: Salama 'yan'uwa. Ina rubuta ƙagaggen labari don matasan cocinmu. Yara uku ne 'yan SS2 a makarantar kwana, mugun ruhu yana bibiyarsu, ɗaya cikinsu kuma tana ganin mala'iku. Na kai babi na 4, amma duk tafiyar ɗaya ce: aljani ya zo, su yi addu'a, ya gudu. Matasan sun ce wa'azi nake musu. Ina gyaran yake?

Wani fasto: Ɗana, ka mai da addu'a laya, nan gizo ke saƙar. In mai karatu ya san da an ce "cikin sunan Yesu" magana ta ƙare, me zai sa ya buɗe babi na gaba? Littafi Mai Tsarki ma bai nuna haka ba. Duba Ayyukan Manzanni 19: 'ya'ya bakwai na wani babban firist sun ari sunan Yesu a kan mai aljani, ya lakaɗa musu duka, suka fita tsirara da raunuka. A Daniyel 10 kuwa, kwana 21 aka tare mala'ika kafin amsar addu'ar Daniyel ta iso, sai da Mika'ilu ya kawo taimako. To bari yaranka su sha kaye sau ɗaya, su kuma yi jira.

Wata malamar Hausa: Ƙanena, ga tsari. Afisawa 6:14-17 ta lissafa makamai shida: ɗamara, sulke, takalma, garkuwa, kwalkwali, takobi. Ba kowanne babi biyu, ka sami babi 12 ke nan. A na farko yaro ya fāɗi don ba shi da makamin, a na biyu ya same shi da wahala. Ɗauki ɗamarar gaskiya: yarinya ta shiga jarrabawa da satar amsa a cikin safa, aka kama ƙawarta, ita ta yi gum. Daga daren nan muryar aljanin ta fara yi mata raɗa a ɗakin kwana. Ba za ta sami ɗamara ba sai ta tsaya gaban shugaban makaranta ta faɗi gaskiya, kuma a hukunta ta, kada ka tausaya mata. Takobi ka ajiye shi ƙarshe, shi kaɗai ne na kai sara.

Aljaninka kuma rage masa ƙaho da jajayen idanu. Ya yi magana da taushi, kamar babban yaya mai son ka da alheri. Ya fi ban tsoro.

Wani dattijo: Abu ɗaya zan ƙara, tunda a Zuru kake. Kada ka sa mugun ruhu ya fito daga bikin gargajiya na Uhola, ko ka mai da wata tsohuwa mayya, ko maƙwabci Musulmi. Yara za su tashi daga karatu su fara nuna mutane da yatsa, ka kuwa san abin da zargin maita ke jawowa a ƙauye. Afisawa 6:12 ta riga ta ce kokawarmu ba da nama da jini ba ce.

Mai tambaya: Na gode Baba, na gode Malama. A WhatsApp zan riƙa sakewa, yaya tsawon babi zai kasance?

Malamar: Kalma 700 zuwa 900, sau biyu a mako. Aya ɗaya ta isa kowane babi, ta fito daga bakin yaro cikin tsoro, ko da ya manta rabinta. Ka tsaya kan fassarar Littafi Mai Tsarki guda, don Hausar bugun 1932 ta bambanta da ta baya-bayan nan. Kafin ka saki, karanta wa matasa biyar da baki. Inda ka ga sun fara latsa waya, yanke wurin.