Na tsinci 'yan kwikwiyo huɗu a bayan rumbu, wa ya taɓa riƙon irinsu?

Manomi, Gezawa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekaranjiya mota ta take wata karya a bakin titinmu, to jiya da asuba ina zagayawa bayan rumbu sai naji wani siririn kuka cikin karan dawa, ashe 'ya'yanta ne guda huɗu ko ido basu buɗe ba, ga hunturu ya sauko sai karkarwa suke. Yara har sun fara taruwa da duwatsu na kore su. Ni ban taɓa kiwon kare ba kuma bazan iya riƙe huɗu ba, amma wallahi zuciyata ta kasa barinsu su mutu a wajen. Dan Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa min yadda yayi.

Wata uwa, Ringim:
Wa alaikumussalam Malam, Allah ya saka maka. Ni na riƙe guda biyar bara waccan kuma sanyi ne ya fara kashe min biyu ba yunwa ba, dan haka fara da ɗumi. Ka samu kwali ka shimfiɗa tsumma, ka zuba ruwan ɗumi a gora ka naɗe ta da zani ka ajiye a gefensu, zaka ga sun lafe a jikinta kamar uwarsu ce. Nonon akuya na dinga basu, na saniya yasa su zawo, ina ɗan ɗumama shi in zuba a sirinji wanda aka cire allurar, kaɗan kaɗan duk bayan awa biyu zuwa uku har cikin dare, kuma a kife zaka basu akan cikinsu, kar ka kwantar dasu rigingine irin na jariri zai sarƙe su. Abinda ban sani ba sai da wata tsohuwa a rugar kusa damu ta nuna min, wai basa iya fitsari da kashi da kansu sai uwar ta lashe su, to sai ka jiƙa tsumma da ruwan ɗumi kana goga musu ƙasan ciki bayan sun sha. Wajen sati biyu ido zai buɗe, sati uku zuwa huɗu su fara lasar kunu a kasko. Da wahala kam, maigidana har ya fara faɗa saboda tashin dare, amma ranar da ƙaramin cikinsu ya miƙe da ƙafarsa shi da kansa ya kira ni in zo in gani.

Wani ɗan'uwa, Bichi:
Ni fa gaskiya ina da ja. Kare a gidan musulmi, ga yara ga kwanukan abinci ga wajen sallah? Tausayi daban, amma a duba addini.

Ɗalibin ilimi, Birnin Kudu:
Yaya maganarka tana kan hanya, ba'a ce ya kwana dasu a ɗaki ba. Hadisi ya yi izinin karen farauta da na kiwo da na gadin gona, kuma a Bukhari akwai mutumin da ya sauka rijiya ya ciko huffinsa da ruwa ya shayar da kare mai ƙishi Allah ya gafarta masa. A ware musu kwanonsu, a ajiye su can wajen turke, idan kare ya sa baki a ƙwarya a wanke sau bakwai. Riƙo ne na ɗan lokaci kafin a samu masu buƙata, mu ma haka mukai da wasu uku a tsangayarmu har masu garka suka karɓe su.

Mafarauci, Gwaram:
Malam in sun kai wata biyu ina son ɗaya, namiji ko mace duk ɗaya ne. Karen da nafi ji dashi a kwalbati na ɗauko shi, kaska ta cika masa kunne har baya iya ɗaga kai, na zauna na cire su ɗaya bayan ɗaya na kaishi aka bashi maganin tsutsar ciki, shekara shida muna shiga daji tare. Roƙona kawai kar ka bawa yaro dan yace yana so, kwana uku zai gaji ya ɗaure shi a rana. Ka bawa babban mutum mai gona ko mai shanu, ka tambaye shi inda zai ajiye shi da abinda zai bashi. Kuma banda miya mai albasa, tana musu illa.

Malamin dabbobi, Jahun:
Duk abinda aka faɗa daidai ne saura guda ɗaya wanda shine yafi damuna, ciwon haukan kare. Ba'a san lafiyar uwar ba, dan haka kar yara su dinga sa musu yatsa a baki. In sun cika wata uku a kaisu asibitin dabbobi na ƙaramar hukuma ai musu riga-kafi, sannan a maimaita duk shekara, maganin ma a nan gida ana yinsa a Vom ta jihar Filato. Wanda kare ya ciza ko ya yakusa ya wanke wajen da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15 ya tafi asibiti a ranar, kar a tsaya shafa gashin kare ko jiƙo. Na taɓa ganin yaro ɗan shekara tara da aka kawo bayan ya fara tsoron ruwa, in ta kai nan babu abinda likita zai iya, har yau idon mahaifiyarsa bai bar raina ba. Duk wanda zai karɓa ka sa shi yayi maka alƙawarin allurar nan, in kuɗin mota ne matsala ku haɗa su rana ɗaya.

Manomi, Gezawa:
Na gode ƙwarai 'yan uwa, Allah ya bar zumunci. Hajiya nabi yadda kika ce, maƙocina yana tatso min nonon akuyarsa safe da yamma baya karɓar ko sisi, babbar 'yata ita ke tashin dare muna karɓa-karɓa. Ɗaya ta mutu daren Talata, dama ita ce bata iya tsotso ba, na haƙa rami na binne ta a gindin darbejiya. Ukun sun buɗe ido yau. Baba na Gwaram na ajiye maka baƙin mai farin wuya, wani mai lambun tumatir a fadama ya ce yana son ɗaya, saura mace guda ja, in akwai mai shanu ta wajen Gezawa ko Minjibir da zai riƙe ta da amana ya yi min magana.