Taƙaitawa: lura da na'urorin ɗakin gwaji daga nesa

Jama'a, ga abin da na tsinto daga doguwar tattaunawar nan:

1. Kowa ya yarda a fara da firizar −80 (mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius). A sa mata ma'aunin sanyi mai turo saƙo ta waya, domin ƙofar da aka manta a buɗe da dare tana iya lalata samfuran shekaru.
2. Kada a bar kwamfutar da ke haɗe da na'urorin a buɗe ga intanet, a bi ta VPN (keɓaɓɓiyar hanyar shiga mai tsaro).
3. Kawuna sun rabu kan manhajar sarrafa na'urorin: wasu LabVIEW, wasu Python da PyVISA (ƙarin da ke haɗa Python da na'urorin awo) tunda kyauta ne. Tsofaffin na'urori masu GPIB (wata tsohuwar mahaɗar kebul) kuwa sai da adafta.
4. Kunna tandun gwaji daga gida? Mafi yawa sun ce a'a, sai da mutum a wurin. Ni ma nan na tsaya.

An kuma tuna: a sa wa rauta (na'urar raba intanet) UPS, wato batirin ko-ta-kwana, in ba haka ba da an ɗauke wuta saƙo ba zai fita ba.