Neman shawara: Baba ya miƙa mini takardar kayan ɗakin ƙanwata, ni ma ana jira in fito

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana, akwai 'yan unguwarmu a nan.

Shekarata 28, ni ne ɗan fari, mu bakwai ne, a Kano muke. Na shiga jami'a a 2017 da lissafin zan fito a 2021, sai korona da yajin aikin malamai na 2020 suka cinye kusan shekara, na 2022 ya sake cin wata takwas. Ban gama ba sai 2023. Na yi hidimar ƙasa alawus yana dubu 33, ina cire kaki ba da jimawa ba aka mai da shi dubu 77. Rabo ke nan. Yanzu da safe ina koyarwa a wata makarantar kuɗi, da yamma in wuce Farm Centre shagon abokina in taɓa gyaran waya. Da haka na tara dubu 800, ban kuma taɓa faɗa wa kowa a gida ba.

Mako uku da suka wuce aka zo sa ranar ƙanwata, ta ukunmu. Ni a zatona aikina shimfiɗa tabarmi ne da kai ruwa soro, yadda na saba tun ina yaro. Na ajiye ruwan zan fita, Baba ya ce, "Zauna." Na raɓe a bakin ƙofa, ya ce a'a, in matso kusa da Kawu. Aka tsayar da rana, mako biyu bayan babbar sallah. Da baƙi suka tafi sai ya ciro takardar kayan ɗaki da Gwaggo ta rubuto. Ya nisanta ta da idonsa, ya matso da ita, ya laluba aljihu bai ji tabarau ba. Sai ya miƙo mini ya ce, "Karanta mana." Na karanta tun daga gado da katifa, sif, kujeru, labule, kayan kicin, firji, har zuwa gara. Na gama na miƙa masa, bai karɓa ba. Ya ce, "Riƙe a wurinka."

Tun ranar barcina ya ragu. Mutumin nan shi yake jera mu uku a kan Vespa ya kai mu makaranta kafin ya wuce ofis. Ya fara aikin gwamnati a 1989, ya ajiye a 2024 da ya cika shekara 35, har yau kuɗin sallamarsa ba su fito ba. Gida ɗaya muke kwana, amma wallahi sai ranar na lura furfura ta gama da gemunsa, kuma in zai tashi sai ya dafa bango. Ita kuwa amaryar, ni nake goya ta zuwa islamiyya in an yi ruwa.

Ga inda gizo ke saƙar. Akwai yarinyar da muke tare shekara uku. Mahaifinta ya aiko cewa in da gaske nake in turo magabata, don akwai masu zuwa. Kuɗin nan na lefe ne da kama ɗaki. In na zuba su a ɗakin ƙanwata, sai na sake wasu shekaru biyun. In na ƙanƙame su, da wane ido zan kalli Baba? Ga mai bi mini yana aji uku a jami'a, ga autanmu zai yi sauka kafin azumi. Abokan da muka yi sakandare tare, kusan duk wata sai na je ɗaurin auren wani ko sunan ɗan wani, in dawo in kwanta a shagon ƙofar gida da nake ciki tun ina shekara 15.

Wanne zan sa a gaba? Sannan ku da kuka riga ni, dama haka girma yake zuwa, rana ɗaya, ba ko sallama?

Wata uwa daga Zariya:

Wa alaikumus salam ɗana. Na aurar da 'ya'ya mata uku, bari in faɗa maka abin da ku maza ba ku sani ba. Takardar da gwaggonka ta rubuta ba ita ce ainihin abin da ake nema ba. Babu uwar 'ya mace da za ta zauna hannu rabbana har a zo sa rana. Tun yarinya tana ƙaramar sakandare ake fara tari: yau kula, gobe tukunya, jibi zanin gado, ana turawa ƙarƙashin gado da saman sif. Ga adashi. Ga bikin da ta yi shekara da shekaru tana kai wa 'yan uwa da ƙawaye, wanda yanzu ne lokacin da za a rama mata.

Kai ɗan fari ne, na san akwai kunya a tsakaninku, wataƙila ko sunanka ba ta faɗa. Saboda haka ba za ta kira ka ta buɗe maka cikinta ba, kai za ka je. Ka bari sai bayan isha'i gida ya yi shiru, ka shiga da takardar da biro, ku bi ta layi-layi: wannan akwai, wannan wance ta ɗauka, wannan babu. In ba ta koma rabi ba ka dawo ka ƙaryata ni.

Abin da zai rage yawanci katako ne. Ku je wurin kafinta tun yanzu a ba shi kafin alkalami, kada ku bari sai sallah ta matso kowa yana aure, ya yi ta muku gobe-jibi. Kuma a fara zuwa a ga ɗakin angon a auna. A bikin ta biyun nawa, mun yi kujeru na gani na faɗa, muka je jere doguwar ta ƙi shiga ƙofa. Sai da aka cire ƙyaure, dangin miji suna tsaye suna kallonmu.

Gara kuma a yi daidai ƙarfi. Dangin da za su raina yarinya saboda gara, ko mota guda aka loda musu daga kasuwar Singa sai sun raina.

Ɗan fari irinka:

Malam, ni ba zan yi maka daɗin baki ba. Kada ka taɓa kuɗin nan. Ni ma haka aka fara da ni: ƙanwa ta farko, sai ta biyu, sai kuɗin makaranta, sai asibiti. Yau shekarata 37, ƙannena uku da na aurar kowacce da 'ya'yanta, ni kuwa a gidan da nake ciyarwa ake ce mini tuzuru. Bayan wannan mata nawa suka rage? Ka ƙirga. Ranar da aka san kana da dubu 800, ranar suka tashi daga naka.

Wata 'yar uwa daga Katsina:

Yaya mai shekara 37, Allah ya biya ka, amma ciwon da ke ranka ne yake magana. Ba a ce ya juye duka ba.

Ni ta yarinyar zan yi, don na ga kowa ya manta da ita. Shekara uku ba wasa ba ce ga 'ya mace. Ita ake yi wa gori a gida, ita take korar masu sallama, kai kana can kana lissafi. Ni na jira wani shekara huɗu, kullum "bari in sauke hidimar gida", ƙarshe a katin gayyata na ga sunansa da wata. Mahaifinta bai ce ka kawo lefe gobe ba, cewa ya yi ka turo. Turowa ai manya ne biyu ko uku, da goro da alawa da kuɗin gaisuwa. A je a nema maka, a ba ka, a sa rana mai tsawo ko ta shekara ce. Kuma ka faɗa mata gaskiyar abin da ke aljihunka da abin da ke gabanka, ba a waya ba, ka je zance ka faɗa. In ta ce a rage akwatuna, ka samu mata. In ta ce ita sai an yi mata irin na ƙawarta, ka samu amsarka da wuri.

Malamin islamiyya:

Abin da aure yake ƙulluwa da shi, kamar yadda muka karanta a Risala, waliyyi ne da sadaki da shaidu biyu adalai, mafi ƙarancin sadaki kuma rubu'in dinari. Lefe da gara da kamu da dina duk al'ada ce. Taimaka wa ƙanwarka sada zumunci ne kuma kyautata wa iyaye ne, ladansa babba, amma ba bashi ba ne a wuyanka. Abu ɗaya nake roƙonka: duk yadda ta matse, kada ka kusanci bashin ruwan nan na manhajojin waya. Biki kwana uku ne.

Ma'aikaciyar jinya:

Tunda aure biyu ne a gabanku, in tuna maka: tun watan Mayun 2024 Gwamnan Kano ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure, wanda ya haɗa da sikila, cuta mai karya garkuwar jiki, da ciwon hanta nau'in B da C. Kai da yarinyar ku yi na sikila kafin manya su shiga. In ku biyun AS ne, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, wato mai sikila. Sanin haka tsakaninku ku biyu ya fi sauƙi a kan bayan an raba goro. Baba kuma a kai shi a duba idonsa da hawan jini.

Dattijo mai ritaya:

Ɗana, ni sa'an mahaifinka ne, ko ma na girme shi. Bari in faɗa maka abin da ya yi a soron nan, don na ga ba ka gane ba. Ba kuɗinka yake nema ba, bai ma san kana da su ba. Mutumin da ya yi shekara 35 gida yana jiran albashinsa, ranar da ya wayi gari ba inda za shi, rashin kuɗin yana cin rai, amma rashin wanda zai faɗa wa ya fi. Ba ya so matarsa ta ga gazawarsa, abokai kuma kowa da tasa. Da ya ce ka matso kusa da kawunka, nuna ka ya yi wa surukai: in ba na nan, ga wanda za ku nema. Ni ban yi wa nawa ɗan haka ba sai da ciwo ya kwantar da ni, a gadon asibiti nake faɗa masa inda takardar gida take, yana kuka ina haki. Mahaifinka ya fi ni dabara.

Ka duba aya ta 54 a Suratur Rum. Allah ya ce ya halicce mu daga rauni, ya sanya ƙarfi bayan raunin, sannan ya sanya rauni da furfura bayan ƙarfin. Duka ukun suna cikin gidanku yanzu: autanku yana hawowa, kai kana tsakiya, shi ya fara gangara.

Tambayarka ta biyu kuwa, e, haka yake zuwa. Ni ina da shekara 31 aka ce in sauka kabari in karɓi mahaifina. Da na fito na ga duk ƙannena ni suke kallo. Kai naka ya same ka a kan tabarma, da goro a gabanka, mai abin yana zaune kusa da kai.

Maganar yarinyar, ka bi ta bakin kawunka, don mu ba mu saba ɗa ya tare mu da zancen aurensa ba. Kada ka yi zaton nauyi za ka ƙara masa. Wanda ya ajiye aiki ba abin da yake so kamar a ce ya sa babbar riga ya je nema wa ɗansa aure. Ka karɓi fayil ɗin takardun fanshonsa ka yi musu hoto, ka riƙa raka shi bin sawu. Ka kuma saya masa tabarau biyu, ɗaya a aljihu, ɗaya a kan taga.

Ɗan fari irinka:

Baba na ji, kuma na yarda. Amma ya yanka wa kansa iyaka tun yau. Ya ce ga abin da zan iya, ya tsaya a nan. Ni rashin faɗin wannan kalmar ne ya kai ni inda nake.

Mai neman shawara:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Jiya bayan isha'i na shiga wurin Umma da takardar. Na yi bayani ta yi shiru, can sai ta ƙwala wa autanmu kira, ta ce, "Ce wa yayanku ya jawo buhunan ƙarƙashin gadon nan." Ina zaune a gabanta fa, tsakaninmu bai fi kamu biyu ba.

Buhu uku na jawo. Kuloli, tukwane, zannuwan gado, da farantai naɗe a jaridar 2016. Hajiya ta Zariya, ba zan ƙaryata ki ba. Adashin Umma zai fito cikin azumi, ƙaninta ya ɗauki katifa, Gwaggo da 'ya'yanta sun ɗauki kujeru. Firji muka soke shi, in angon yana so ya saya. Ni na ɗauki gado da sif, na ce ba zan wuce dubu 300 ba, kuma na faɗa da bakina kamar yadda Yaya ya ce.

Akwai buhu na huɗu can ƙurya. Na kai hannu ta ce wa auta, "Ce masa wannan ba na bikin nan ba ne." Bakinsa a ɗan buɗe yake, na hango atamfofi, sababbi da takardarsu. Ban tambaya ba, ita ma ba ta ƙara ba.

Na je wurin Kawu da safe, ya ce zai samu Baba ranar Juma'a bayan masallaci. Na roƙe shi ya ɗan dakata zuwa ta sama, saboda maganar Anti ma'aikaciyar jinya. Ni na san nawa tun gwajin shiga jami'a, AS ne. Na yarinyar ne ba mu sani ba, ranar Litinin za ta je ita da yayarta. A sa mu a addu'a.