Na canza rediyon mota amma bes ya ɓace, meye matsalar?

Ɗan_Samaru:
Salam 'yan uwa. Dan Allah masu sanin harkar sauti a mota ku taimaka min. Corolla ce 2010, na cire rediyonta na asali na sa irin na Android mai babban gilashin nan saboda kyamarar ribas da Bluetooth, wani mai wayarin ne ya haɗa min a Sabon Gari. Komai na aiki lafiya, murya ma tana fita tar fiye da da, amma bugun nan na ƙasa babu shi kwata-kwata, da in na sa kiɗa har ƙofa nake ji tana motsi, yanzu kuwa kamar a cikin gwangwani ake yi. Na ƙure bes a setin, sai dai sifikun su riƙa kakarewa. Kuma a kwalin an rubuta 50W x 4. Na koma wajensa yace sai na sayi wufa (babbar sifikar bes) da amf (na'urar ƙara ƙarfin sauti). Wallahi abin ya dame ni, ina yawan bin hanyar Kaduna kuma kuɗin ba kaɗan bane. In saya ne ko akwai abin da zan fara dubawa?

Injiniya_Kwangila:
Wslm. Malam kar ka sayi komai tukuna. Yi wannan gwajin, ko sisi ba zaka kashe ba: kunna kiɗa mai ganga, ka mai da sautin gaba kaɗai, sannan ka ja balans ɗin gaba ɗaya zuwa hagu, ka dawo tsakiya. In ka ji bugu ya fi ƙarfi a gefe ɗaya amma da ka dawo tsakiya sai ya lafa, toh an juya wayar sifika ɗaya, an sa + a wajen −. Ka sake yin haka da na baya.

Dalilin shine sifika iska take turawa. In ta hagu ta turo waje a daidai lokacin da ta dama ta ja ciki, iskar sai ta cinye juna, kuma bes ne yafi shan wahala, murya kuwa zaka ci gaba da jinta shi yasa mai haɗin ba zai lura ba in yana sauri. Launin wayoyin sabon rediyo kusan duk iri ɗaya ne: fara gaba hagu, ruwan toka gaba dama, koriya baya hagu, shunayya wato fafal baya dama, wadda ke da baƙin layi a jiki itace −. Matsalar itace wayoyin motar nasu launin daban ne, in aka yanke soket na asali aka murɗa da hannu maimakon a sayi soket ɗin da ya dace da motar, anan ake juyawa. Na ga wannan yafi a ƙirga.

Baban Ummi T/Wada:
Gaskiya Injiniya ya faɗi. Ƙari kawai, shiga setin na sauti ka nemi inda aka rubuta HPF, in yana kan 100 ko 120 kashe shi, aikinsa kenan yanke bes daga sifikun ƙofa don ya bar wa wufa, kai kuma baka da wufa. Ka kunna Loudness ka ji. Sannan duba ko an rubuta JBL (sunan wani kamfanin sauti) a tsohon rediyon ko murfin sifika, masu shi suna da amf nasu a ɓoye, in an tsallake shi sauti yana iya ƙin komawa daidai.

Bazazzagi:
Ni dai zan faɗa maka gaskiya ɗan uwa, ko ka gyara wayar kar ka sa ran 50W ɗin nan. Wannan ƙololuwar lamba ce ta ɗan lokaci, abin da rediyo ke iya bayarwa a tsaye ba tare da sauti ya lalace ba baya wuce wajen 15 zuwa 20 a kowace sifika, kuma masu araha da yawa ɗan ƙaramin amf ne mai suna TDA7388 a cikinsu, shi yasa da ka ƙure bes yake kakarewa. Rediyon kamfani kuma an saita shi ne da wannan motar tun daga masana'anta. Wani abu kuma, motar 2010 ce fa, ga zafin Maris da Afrilu na garin nan mota na shan rana kullum, bakin sifikar nan mai laushi yana bushewa ya tsage, in ya tsage ba bes. A buɗe ƙofa a gani.

Ɗan_Samaru:
Allah ya saka da alkhairi, nagode sosai. Babu JBL a tawa. HPF yana kan 120 na kashe shi, an ɗan samu sauƙi. Amma gwajin Injiniya shine ya ban mamaki, da na ja hagu bugu ya dawo, na ja dama ma haka, ina dawowa tsakiya ya ɓace. Na baya lafiyarsu ƙalau. Na leƙa bayan rediyon kuma lallai an yanke soket ɗin, salatef ne ko ina. Oga yanzu ya zan gane wacce aka juya a cikin biyun, kuma zan iya da kaina?

Injiniya_Kwangila:
Zaka iya. Fara cire kan batirin mota na −. Raba wayoyin sifikar daga na rediyo, ka samu batirin rimot 1.5V ka ɗan taɓa su a kai, taɓawa kawai kar ka riƙe, wani ya haska tocila ta murfin ƙofa yana kallo. In sifikar ta turo waje, wayar da ke kan + na batirin itace +, ita zaka haɗa da wadda bata da baƙin layi. Yi wa duka biyun. In ka gama a sa dalma a naɗe kowacce daban, don in wayar sifika ta taɓa ƙarfen mota ko 'yar uwarta tana iya ƙona rediyon. Sannan ka mai da bes ɗin tsakiya kafin ka kunna, ka riƙa ƙarawa a hankali. In murfin ya hana gani a cire bangon ƙofar, ka ga sai ka duba bakin sifikar da Bazazzagi ya faɗa a lokaci ɗaya.