Neman shawara: in sayar da kekena na alminiyom in sayi na kabon?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da keken titi mai siririn taya, na hannu ne ɗan Kwatano, firam ɗin alminiyom, giyarsa Shimano Sora. A Kano nake, ina hawa Asabar da Lahadi bayan sallar asuba don rage ƙiba, ba tsere nake yi ba. Abin da ke damuna, duk fitar da za mu yi da abokai ni ake bari a baya, kuma yawancinsu na kabon suke hawa, wato mai firam ɗin zaren kabon mara nauyi. Yanzu an kawo min wani na kabon mai giyar Shimano samfurin 105, wadda ke gaba da Sora a daraja, shi ma na hannu, kuɗinsa ya ninka na nawa sau huɗu. Sai na taɓa ajiyata kafin in iya saye. Don Allah zai ƙara min gudu kuwa? Nauyina kilo 85.

Wani mahayi daga Jos: Wa alaikumus salam. Malam, yi lissafi da kanka. Keke irin naka bai cika wuce kilo 10 da ɗan wani abu ba, na kabon ɗin kuwa wajen kilo 8. Kai da keken kun kai kilo 95, to kilo biyu a ciki kusan kashi 2 cikin 100 ne. A nan Jos da muke fama da tudu, hawan minti goma zai rage maka daƙiƙa goma sha biyu ne in ya yi yawa. Kano kuwa shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce. A irin wannan hanya iska ce ke cin ƙarfin mutum, kuma mafi yawanta jikinka take duka, ba keken ba. Ko ƙwararrun da ke tseren Tour de France, hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta hana kekensu ya gaza kilo 6.8 tun shekarar 2000. Abokanka sun riga ka gina ƙafa ne. Koyi bin bayan tayar na gabanka, za ka ji yadda iska ke raguwa.

Mai gyaran keke: Yallaɓai, ni abin da nake tsoro shi ne kabon na hannu. Alminiyom in ya bugu za ka ga ya lotsa, kabon kuwa yana iya tsagewa ta ciki fenti ya rufe, sai ranar da ka faɗa rami. Kuma ba a yi masa walda. Sannan Sora giya tara ce a baya, sarƙarta tana da sauƙin samu da sauƙin kuɗi. 105 ta zamani giya goma sha ɗaya ce ko sha biyu, sarƙarta siririya, da tsada, ga ƙurar hunturu tana cinye ta. Kawo naka a sa masa taya mai kyau, mai faɗin milimita 28 in firam ɗin zai ɗauka, a sauya sarƙa da wayoyin giya, a daidaita maka tsayin sirdi. Kada ka riƙa cika iska har taya ta zama dutse, a titinmu tsalle kawai za ta riƙa yi.

Wata 'yar uwa daga Abuja: Ni ban ga laifin sayen ba in da hali. Da na sauya nawa gudu bai ƙaru sosai ba, amma birkin faifai ya ba ni natsuwa a gangara lokacin damina, kuma na fi ɗokin fita. Wannan ma riba ce. Sai dai ni ban taɓa kuɗin ajiyata wajen sayen ba, ɗan uwa. Kuma ka tabbata girman firam ɗin daidai da tsayinka ne, mai tsadar da ya yi maka girma ciwon baya da wuya zai sa maka.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Gaskiya gwiwata takan yi ciwo bayan na dawo, ko sirdin ne?

Mai gyaran keke: In ta gaba take ciwo, galibi sirdi ya yi ƙasa. Zauna a kai, ɗora diddigenka a feda tana can ƙasa, ƙafarka ta miƙe ba tare da ka karkata ƙugu ba. Ka riƙa ɗagawa kaɗan-kaɗan, kuma ka daina taka giya mai nauyi. In ciwon bai daina ba, ka je asibiti a duba.