Waye Ɗan Jami'a Na Asali?

Mai ƙorafi, daga Asawase: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina haɗiye wannan magana, amma yau ta ƙi haɗiyuwa. Shekara uku ke nan ina biyan kuɗin wata na wannan ƙungiya tamu ta tsofaffin ɗaliban jami'a mazauna Kumasi, ban taɓa bari ma'aji ya tuna mini ba, kuma babu ɗaurin aure ko suna da aka sanar wanda ban halarta ba, sai dai in ba na gari. Mahaifina ya rasu, an kai shi maƙabartar Tafo, an yi addu'ar uku, an yi ta bakwai, amma mutum biyu kawai daga cikinku suka tako gidanmu. Lokacin da muke 'yan jami'a na asali kaɗai, ba mu da yawa, irin wannan ba ta faruwa. Tun da aka buɗe ƙofa ga kowa da kowa zumunci ya mutu.

Wata malamar makaranta, daga Aboabo: Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Amma Yaya, ina roƙon ka fassara mana kalmar "asali", domin ni a kwalejin kimiyya da fasaha ta Kumasi na yi karatu na fito da HND, wato babbar difloma ta ƙasa, kuma ba yau na fara jin ana yi mana habaici da irin wannan kalma ba. Tun shekarar 2016 doka ta mayar da makarantarmu jami'ar fasaha, kuma hidimar ƙasa ta shekara guda da kuka yi ita muka yi, wasunmu ma a ofis ɗaya da ku.

Wani injiniya, tsohon ɗalibin KNUST (Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi): Ƙanwata, kada ki ɗauki abin da zafi. Doka ta canja sunan makaranta, ba ta koma baya ta canja takardar da ke hannun wanda ya gama kafin 2016 ba. HND shekara uku ce, digiri shekara huɗu, kuma duk wanda ya taɓa neman aiki ya san ba a kan mataki ɗaya ake ɗaukarsu ba. Faɗin haka ba raini ba ne.

Malamar makarantar: Da ma na san daga bakin ɗan KNUST za ta fito. To, Yaya injiniya, ita makarantar taku da me ta fara? A shekarar 1952 sunanta Kwalejin Fasaha ta Kumasi, kuma ɗalibanta na farko masu koyon aikin malanta ne da aka kwaso daga Achimota, sai a 1961 ta zama cikakkiyar jami'a. Idan canjin suna bai mayar da mu 'yan jami'a ba, sai ku fara zare magabatanku daga lissafi.

Wani lauya, tsohon ɗalibin Jami'ar Ghana da ke Legon: Tun da an shiga tarihi, bari a faɗe shi daidai. Jami'ar da ta riga kowace a ƙasar nan ita ce ta Legon, wadda aka kafa a 1948, saboda haka in ana maganar asali, kowa ya san inda za a duba.

Injiniyan: Ranka ya daɗe lauya, ka manta ka ƙara da cewa har zuwa 1961 digirin Jami'ar Landan kuke karɓa, ba naku ba. Asalin naku yana Ingila ke nan.

Wani ustazu, daga Sabon Zango: 'Yan uwa, ku ji tsoron Allah. Ni a Jami'ar Musulunci ta Madina na yi karatu, wasu abokaina a Azhar, wadda ta haura shekara dubu, tana nan tun ba a san za a yi wani wuri mai suna Legon ba. Duk da haka, a wannan ƙungiya ba a tunawa da mu sai an zo buɗe taro da addu'a ko rufe shi, in kuwa an zo zaɓen shugabanni sai a ce ba mu iya rubuta wasiƙa da Turanci ba. Ina ganin mu mai ƙorafi yake nufi, ya dai ji nauyin ambaton mu ne.

Mai ƙorafi: Malam, wallahi ban nufi kowa ba. Waɗanda muka kafa ƙungiyar tare nake nufi. Maganata a kan ta'aziyya ce.

Wani dattijo, ma'aikacin gwamnati mai ritaya: Ɗana, Allah ya ba ka haƙuri, amma ko me ka nufa, wannan kalma ba ta dace da bakin ɗan Zango ba. Ina makarantar firamare a ƙarshen 1969 lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardun zama mako biyu su bar ƙasa, kuma da idona na ga maƙwabtanmu suna ɗaure kaya a kan manyan motoci, alhali cikinsu akwai waɗanda a nan Kumasi aka yanke musu cibiya. Har yau ɗan Zango yakan je neman fasfo ko katin ɗan ƙasa a tsare shi da tambayar garin kakansa. Mu da aka daɗe ana tambayar asalinmu, mu ne za mu zauna muna tantance asalin junanmu?

Lauyan: Baba, da girmamawa, waccan magana ce ta zama ɗan ƙasa, wannan kuwa ta cancantar shiga ƙungiya ce, kuma kowace ƙungiya tana da ikon gindaya sharaɗinta. Kundin tsarinmu ya fayyace wanda ya cancanta.

Malamar makarantar: A kawo kundin mu gani. Tun da na shiga nake jin labarinsa, ban taɓa ganin ko bangonsa ba.

Lauyan: Yana wurin tsohon sakatare, wanda ya koma Ankara, babban birnin Ghana, da zama.

Wani matashi, ma'aikacin banki: Ni abin da na lura shi ne, mutum biyun da suka je gidan rasuwar duk 'yan Katanga ne, wato ɗaya daga ɗakunan kwanan ɗalibai na KNUST. Wanda ya kwana a Katanga ya san haƙƙin ɗan uwa, ba kamar wasu ba.

Injiniyan: Ƙanena, ka iya bakinka. Ɗaya daga cikin biyun a ɗakin kwanan ɗalibai na Conti muka zauna da shi, ɗakinsa yana kallon nawa. Kuma Katangar da kake taƙama da ita, tun da aka shigar da mata cikinta a 2018 ta daina zama wadda ka sani.

Malamar makarantar: To, ga shi an gangaro kan mata. Shigar mata ce ta ɓata ɗakin kwananku, kamar yadda shigarmu ta ɓata ƙungiya ke nan? Ku tambayi ma'aji su wa suka fi biyan kuɗin wata a kan lokaci, kuma su wa suke dafa abincin da kuke ci a taron bayan sallah.

Ma'aji: Hajiya, kada a jawo ni cikin wannan. Abin da zan iya faɗa shi ne, da yawa daga masu ɗaga murya a yau rabonsu da turo kuɗi ta waya (MoMo) tun kafin azumi.

Mai ƙorafi: Ranar Lahadi mai zuwa za a yi addu'ar arba'in a ƙofar gidanmu bayan sallar asuba, ga duk mai iko.

Matashin: Yaya injiniya, a Conti ya fara, amma a Katanga ya gama, ka je ka bincika.

Sakatare: Assalamu alaikum. A matsayina na mai riƙe da rubutun ƙungiya, ga taƙaitaccen abin da aka tattauna. Mafi yawan masu magana sun amince cewa akwai bambanci tsakanin digiri da sauran takardu, kamar yadda injiniya ya yi bayani cikin natsuwa da hujja, ko da yake wata 'yar uwa ta ɗauki abin da zafi fiye da kima. An kuma tabbatar cewa tsofaffin ɗaliban KNUST ne ƙashin bayan wannan ƙungiya, tun da su ne suka wakilce mu a gidan rasuwa, don haka zargin cewa shugabanni sun yi sakaci bai tsaya ba. Maganar Baba a kan 1969 abin girmamawa ce, sai dai ba ta cikin ajanda. Za a nemi kundin tsari daga Ankara idan an samu mai zuwa. Ana tunatar da kowa, har da ɗan uwa mai ƙorafi, cewa kuɗin wannan wata ya kamata ya isa hannun ma'aji kafin ranar Juma'a.