Neman shawara: labulen ƙarfe mai zanen dagi, faranti ya lanƙwashe wurin yanka

Mai tambaya:

Assalamu alaikum iyaye da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema kan wani aiki da ke hannuna a nan Sakkwato. Ɗakin karatu ne na wata makaranta, bangonsa mai tagogi yana kallon yamma, yana kuma bakin titi. Da la'asar ta yi ba a iya zama a ciki. An ce in zana labulen ƙarfe da zai tare rana, ya kuma zama ado ga masu wucewa. Tsawo mita 12, tsayi mita 3.

A Grasshopper na yi shi, manhajar zane da ake haɗa akwatunan lissafi su fitar da siffa. Na zana dagi, na sa girman kowace huda ya bi nisanta daga layin dagin, sai na samu huda sama da 4,000, kowace da faɗinta. Faranti mai kaurin milimita 2 ne, na raba shi falle takwas, kowane mita 1.5 da mita 3. Abu uku suka tsaya mini. Kwamfuta tana sandarewa duk lokacin da na taɓa ma'auni ɗaya. Mai injin yanka ya ce fayil ɗina ba zai shiga ba sai ya sake zana shi. Guntun gwajin da aka yanka da filasma (injin da ke yanka ƙarfe da tsananin zafi) kuma ya fito a lanƙwashe kamar ƙwarya, wasu wurare sun zube gaba ɗaya. Ina na kauce?

Akitek:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin maganar kwamfuta, akwai abin da ya fi ukun nan nauyi: labulen da kika kwatanta ba zai tare ranar yamma ba. Faranti mai milimita 2 ba shi da zurfi. In kin huda kashi 35 cikin ɗari na fuskarsa, kusan kashi 35 na rana zai ratsa, ko wane irin ado hudar ta yi. Zurfi ne ke tare rana.

Ga lissafin. Sakkwato tana kan digiri 13 arewa, da kimanin 5.2 gabas. Agogonmu kuwa an ɗaura shi ne kan layin digiri 15, don haka rana ba ta kaiwa tsaka da 12:00, sai wajen 12:40. A tsakiyar Afrilu, da ƙarfe 4 na yamma tsayin rana daga ƙasa ya kai digiri 41, da ƙarfe 5 kuma 26, tana kusan daidai yamma sak. Waɗannan sa'o'in ne abokan faɗanki.

Maimakon huda, ki raba farantin gida-gida, ki yanka gefe uku na kowane gida, ki bar na sama a manne, a ɗago shi waje kamar marfin taga. Ƙa'idarsa mai sauƙi ce: in rana na fuskantar bangon kai tsaye, marfin zai rufe ƙofarsa matuƙar kusurwar buɗewarsa ba ta wuce ninki biyu na tsayin rana ba. Rana a digiri 26, marfi ya tsaya a 52 ko ƙasa. A digiri 41 zai iya kaiwa 82. Sai ki mayar da kusurwar ta zama ma'aunin da dagin ke juyawa: kusa da layin dagi marfi ya buɗe sosai, nesa da shi ya kwanta. Daga titi hoton zai fito ta hanyar haske da inuwa, kuma zai riƙa sauya kama daga hantsi zuwa almuru ba tare da komai ya motsa ba. Amma saitin tagogi ki kulle shi kada ya wuce 50.

Ki gwada da Ladybug, ƙarin manhajar Grasshopper mai nuna tafiyar rana, hanyar rana ba ta buƙatar komai sai wurin da gari yake da lokacin agogonsa. Abu biyu ke ɓata gwajin. Na ɗaya, manhajar tana ɗaukar saman allo a matsayin arewa, ke kuma bangonki da wuya ya zama yamma cif. Ki auna a wurin, kuma kada ki amince da kamfas ɗin waya kusa da rodi ko kwanon rufi. Na biyu, kada ki gwada Afrilu kaɗai. A Disamba rana tana faɗuwa ta kudu maso yamma, a Yuni ta arewa maso yamma, sai ta sato hanya ta gefen marfin.

Wani mai injin yanka:

'Yar'uwa, mai injin bai yi miki ƙeta ba. Farantin da aka fi samu a kasuwa ƙafa 4 ne da ƙafa 8, wato milimita 1220 da 2440. Fallenki na 1.5 da 3 ba zai fita daga ciki ba, sai an yi haɗi da walda a tsakiyar ado. Ki koma falle goma, kowane 1190 da 2400, tazarar milimita 10 a tsakani, ki ɗaga su santimita 60 daga ƙasa, kin samu mita 3 ɗinki. Amma ki yi lissafin adon kan bango gaba ɗaya tukuna sannan ki raba, in ba haka ba kowane falle zai fara nasa dagin daga farko.

Lanƙwashewar zafi ne. Filasma tana cin milimita 1.5 zuwa 2 a layin yanka, tana kuma gasa abin da ke gefensa. In gadar da ke tsakanin huda biyu milimita 4 ce a allo, a faranti abin da ya rage zare ne, ga shi an gasa shi ta ɓangare biyu. Ki sa gada kada ta gaza milimita 20, ki bar baki na milimita 45 zuwa 50 kewaye da falle babu yanka. Wannan iyakar ki gina ta cikin lissafin, ta yadda ko kin ja ma'auni har ƙarshe ba zai ƙetare ta ba. Wuraren da suka zube kuwa tsibirai ne: inda layukan dagi suka haɗu suka kewaye wani guntu, babu abin da ke riƙe da shi.

Fayil kuma: DXF, nau'in fayil ɗin zane da injinan yanka ke karantawa, a milimita, girma ɗaya da ɗaya. Layuka masu lanƙwasa ki mayar da su baka da miƙaƙƙun layi kafin ki fitar, domin wasu injuna suna farfasa su gunduwa dubu, kan injin ya yi ta rawa. Ki share layin da ya hau kan ɗan'uwansa, in ba haka ba za a yanka wuri ɗaya sau biyu. Layin yanka da layin alama kowa da shafinsa. Ki ce masa ya fara da na ciki, ya riƙa tsallakawa daga wannan kusurwa zuwa waccan don zafi ya watsu, bakin waje ya zo ƙarshe. In akwai halin lesa, mai yanka da haske, ta fi dacewa da milimita 2, zafinta kaɗan ne.

Kuɗin yanka yana bin tsawon layi da yawan wuraren da injin zai huda ya fara. Ki sa Grasshopper ya riƙa nuna miki lambobin nan biyu a gefe, ki ga yadda kowane ado ke cin aljihun makarantar.

Mai koyar da manhaja:

Sandarewar kwamfuta, kusan tabbas kina cire huda 4,000 ne daga daskararren faranti mai kauri. Wannan aiki ne mafi nauyi, kuma mai yanka ba ya buƙatarsa. Ki zauna kan layuka a shimfiɗe, sai ranar da za ki nuna wa shugabannin makaranta hoto ki ba su kauri. Ki kashe nunin duk akwatunan tsakiya, ki sa Data Dam, akwatin da ke tsayar da lissafi sai kin sake shi, kafin sashe mai nauyi.

Ki kuma duba yawan abin da ke fita daga kowane akwati. In jeri ɗaya an yi masa Graft, wato an ware kowane abu a reshensa, ɗayan yana a shimfiɗe, kowane abu na farko zai haɗu da duk na biyun, abu 100 da 100 su zama 10,000, a kan juna, ido ba ya gani. Sau da yawa nan ne layukan da suka maimaitu a DXF ke fitowa.

Bayan Remap Numbers, akwatin da zai mayar da nisa daga dagi ya zama kusurwar marfi, kada ki bar kusurwa ta zama kowace lamba. Ki tattara su zuwa huɗu: 20, 35, 50, 65.

Baba mai walda:

Ɗiyata, wanga batu na kusurwa huɗu shi ne maganar. Babu yaron shago da zai lanƙwasa marfi dubu biyu kowane da nashi digiri. Amma in huɗu ne, sai a yanka katako huɗu, kowane da gangarensa, a shafa masu fenti daban-daban. Ke kuma ki buga takarda ga kowane falle, gida-gida da kalarsa. Yaro ya duba takarda, ya ɗauki katakon, ya ɗago marfi har ya zauna bisa nai.

Layin da za a lanƙwasa a yi mashi 'yan tsagogi, kamar rabi yanka rabi ƙarfe, sannan a huda ƙaramin rami inda kowane yankan gefe ya ƙare. In ba a yi ramin ba nan ƙarfe ka fara tsagewa. Kuma lanƙwasa ɗaya ake yi. In anka ɗago anka mayar anka sake ɗagowa, ya karye.

Kada a like faranti da walda bisa firam, milimita 2 ba ya son wuta. Noti za a sa. Firam ɗin bututu mai kusurwa huɗu, 50 da 50, a toshe bakinsa na sama don ruwan damina, a bar 'yar ƙofa ƙasa. Fenti bayan an gama lanƙwasa, ba kafin ba, don wurin lanƙwasa shi ka fara tsatsa: a goge baki, jan fenti na hana tsatsa hannu biyu, sannan kala. Makaranta ce, yara za su sa hannu. Duk abin da ke ƙasa da mita 2 a kashe mashi kaifi, layukan ƙasa ma a bar su kwance don kada su zama tsani.

Injiniya:

Ƙanwata, ga nauyi da iska. Cikakken faranti mai milimita 2 kilo 47 ne, mai milimita 3 kilo 70. Da marfi ba a cire komai, don haka nauyin yana nan yadda yake. Amma ba nauyi ne abin tsoro ba, guguwar farkon damina ce. Ɗauki misalin iska mai gudun mita 40 a daƙiƙa: matsinta ya kusa kilo 100 kan kowace murabba'in mita, falle ɗaya ya doshi kilo 280, tun ba a ƙara lissafin siffa ba. Kada ki rage shi da hujjar akwai ƙofofi. Iska kuma ba turawa kaɗai take ba, tana tsotsa, shi ya sa noti ke buƙatar wasa mai faɗi.

Sai miƙewa. Ƙarfe yana ƙara milimita 0.012 a kowace mita kan kowane digiri ɗaya na zafi. Tsakanin asubahin hunturu da farantin da ya wuni a ranar Afrilu, bambancin digiri 50 ba abin mamaki ba ne. A mita 12 milimita 7 ke nan. In an ɗaure shi tamau zai kumbura ya riƙa ƙara. Ramukan noti su zama dogaye, firam kuma a raba shi gida biyu ko uku.

Ki bar santimita 60 zuwa 90 tsakanin labulen da bango, sama da ƙasa a buɗe, fenti mai haske. Faranti mai duhu manne da taga murhu ne. Tazarar kuma ita za ta ba mai shara hanya bayan ƙurar hunturu. Ginshiƙai da tushensu injiniya mai rajistar COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta Najeriya, ya lissafa ya sa hannu, tunda abin a bakin titi yake, a kuma nemi izinin hukumar tsara birni.

Magini:

Ni dai ban ga abin da ya wajabta ƙarfe ba. Bulo yana da zurfin da Akitek ke nema tun daga tushe. Bulo mai faɗin milimita 140, ƙofa mai tsayin 65, ya tare rana har wajen ƙarfe 5 a Afrilu, ba tsatsa, ba fenti. A 2006 an yi wa wani gini a Siwizalan bango da bulo wajen 20,000, kowane an juya shi da tasa kusurwar, mutum-mutumin inji ya jera. Mu birkila da katakon gwaji sun isa, in an tsaya kan juyi uku ko huɗu. Kuma ba sai an je nesa ba: a Dandaji, jihar Tawa ta Nijar, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun gina masallaci da bulon ƙasa matsattse, aka mayar da tsohon ya zama ɗakin karatu, a 2018. Sharaɗinsa, kowane bulo ya hau na ƙasansa da aƙalla milimita 40 ta kowane gefe, ginshiƙi kada ya wuce mita 2.5 tsakani, a ɗaure sama da kankare. In bulon ƙasa ne, layukan farko su zama na siminti saboda fantsamar ruwa.

Mai tambaya:

Allah ya saka da alheri. Baba, na ɗauki maganar katako huɗu. Bulo ya burge ni, sai dai wurin babu filin tushe mai faɗi. Tambaya biyu: wane girman gida zan ɗauka don dagin ya fito? Kuma shugabannin sun ga hoton wani gini da marafansa ke buɗewa da kansu, suna tambaya ko za a iya.

Akitek:

Tagwayen benen Al Bahar na Abu Dabi suka gani ko makamancinsa, na 2012. Can akwai masu kula da injinan kullum. Cibiyar Larabawa ta Faris da aka buɗe a 1987 ta yi irin wannan dabara, injinanta da yawa suka daina aiki sai da aka yi gyara. Ki haɗa da ƙurarmu da ɗaukewar wuta, ki ba su amsa.

Girman gida kuma, in kin ɗauki milimita 150 za ki samu layi 15 a tsaye, marafai 1,050. Aiki ya yi sauƙi, amma layi 15 ba za su nuna saƙar dagi ba, inda wani zare ke hawa wani. Milimita 100 zai ba ki 11 da 23 a falle, 2,530 gaba ɗaya, marfi 75 gada 25. Shi nake gani. Dagi biyu manya sun fi shida ƙanana. Kafin a sayi faranti, ki yanka falle ɗaya cikakke da kwali, ki jingina shi a bangon da ƙarfe 4, ki tsallaka titi ki duba, sannan ki shiga ciki ki jira ƙarfe 5.